Alawar furotin: me ke cikin ledar nan da ake sayarwa jaka biyu?

Ranar wata Asabar da yamma ɗan yayata ya shigo gidana a nan Garwa, jakar motsa jiki a kafaɗa, gumi bai gama bushe masa ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya zaro wata 'yar leda mai ƙyalli wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba, ya yage ta da haƙori. Abin da ke ciki ya riga ya yi laushi ya manne da ledar, don a cikin jaka ya yini, ga shi watan Afrilu ne, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Na ce mene ne wannan kuma? Ya ce, "Kawu, furotin ne, giram ashirin cif." Na ce nawa? Ya ɗan yi jim, sannan ya ce jaka biyu. Sefa 2,000 a abin da loma huɗu ke gamawa da shi.

Ban yi masa faɗa ba, kuɗinsa ne, da guminsa ya same su. Ledar kawai na karɓa na juya bayanta.

Wannan abu da Faransawa ke rubutawa barre protéinée, ni alawar furotin nake ce masa, kuma ina ganin sunan ya dace da shi, domin siffarsa da ɗanɗanonsa duk na alawa ne. Daga Amurka ya taso. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Pillsbury ya fito da wasu sandunan abinci da aka fara tsarawa don 'yan sama jannati, sannan a 1986 wani ɗan gudun fanfalaki mai suna Brian Maxwell ya fara yin PowerBar a Kalifoniya, don masu dogon gudu da ke buƙatar abin da za su sa a baki ba tare da sun tsaya ba. Wato tun asali abincin uzuri ne, na wanda ba shi da halin zama gaban kwano. Daga baya 'yan kasuwa suka ga riba, aka lulluɓe shi da cakulan, aka fara tallata shi ga kowa da kowa. Yanzu ga shi a manyan kantunan Duwala da Yawunde da Njamena, ga masu saro shi suna tallar sa a WhatsApp, har ya iso hannun samarinmu masu ɗaga ƙarfe.

Gaban leda na mai talla ne, bayanta kuma na hukuma. A bayan ne doka ta tilasta a rubuta gaskiyar abin da ke ciki, shi ya sa rubutun can ƙanana ne kamar tururuwa. Abu na farko da za ka gani shi ne lambobi biyu a jere, ɗaya da kJ ɗaya da kcal. A ledar ɗan yayata an rubuta 845 kJ, 202 kcal. Abu ɗaya ne aka auna da mudu biyu: kowace kcal daidai take da kJ 4.184. Ta biyun ita ce mutane ke kira kalori, kuma ba wani sinadari ba ne da ake zubawa a abinci, ma'auni ne na ƙarfin da abincin zai ba jiki, kamar yadda lita take ga mai sayar da zuwa-zuwa, wato fetur, a bakin titi. Babban mutum mai matsakaicin aiki ana ƙiyasta masa kusan 2,000 a yini, mai aikin ƙarfi ya fi haka nesa. Ke nan 'yar alawar nan ta cinye kashi ɗaya cikin goma na rabon yini guda.

Akwai tarko a nan. Leda kan zo da layi biyu, ɗaya na giram 100, ɗaya na guda ɗaya. Wannan tana da nauyin giram 55, don haka a layin giram 100 kalori 367 aka sa. Wasu kuma manya ne, sukan kai giram 80 zuwa 100, kalorinsu ya doshi 400, amma sai a rubuta lissafin rabinta a matsayin cin mutum ɗaya. Wa ka taɓa gani ya buɗe alawa ya ci rabi ya naɗe saura?

Daga ina 202 ɗin ta fito? Lissafin tsoho ne, tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin Amurka mai suna Wilbur Atwater ya kafa shi, kuma da shi ake aiki har yau. Giram ɗaya na furotin kalori 4 ne. Giram ɗaya na sitaci ko sukari shi ma 4. Giram ɗaya na mai ko kitse kuwa 9, fiye da ninki biyu. Na ɗauko biro muka yi tare a bayan wata tsohuwar takardar wuta. Furotin giram 20, kalori 80 ke nan. Mai giram 8, kalori 72. Sukari na ainihi da sitaci giram 2 kacal, kalori 8. Sai harza, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa sosai, giram 3, ana ba ta kalori 2 a kowane giram, 6 ke nan. Sai wani layi da aka rubuta polyols, giram 15, wanda a dokar Turai ake lissafa wa kalori 2.4 a kowane giram, 36 ke nan. Muka tara, 202 ta fito daidai.

Da ya ga haka sai ya yi shiru. Abin da ya saya da sunan furotin, kashi 40 cikin ɗari ne kawai na ƙarfinsa ya fito daga furotin. Man da ke ciki, duk da giram 8 ne, ya kusa kamo shi. Kuma wannan ma tana cikin masu kyau.

Wannan ɗan lissafi shi ne mabuɗin duk zancen: ka ninka giram na furotin sau huɗu, ka raba da jimillar kalori. A dokar Tarayyar Turai ta 2006, wadda kayan da ke zuwa mana daga Faransa ke bi, abinci zai iya rubuta source de protéines, wato yana ɗauke da furotin, idan kashi 12 na ƙarfinsa daga furotin ne, kuma zai iya rubuta riche en protéines, wato yana da furotin mai yawa, idan ya kai kashi 20. Dubi yadda katangar take gajeriya. Alawa mai kalori 180 da furotin giram 9 ta tsallake ta, za ta buga kalmar da manyan baƙaƙe, alhali sauran kashi 80 sukari ne da mai da hatsi. Irin wannan za ka samu sukarinta ya kai giram 14 ko 15, kusan ƙwaya uku na sukarin shayi. Ka ajiye ta kusa da alawar cakulan ta Snickers mai giram 50, wadda kalorinta ya kai wajen 240 da furotin giram 4 da ɗoriya, za ka ga 'yan uwan juna ne, ɗaya dai ta sa rigar 'yan wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kashi 10 na ƙarfin yini, wato kamar giram 50 ga mai cin kalori 2,000. Mu da muke shan shayi sau uku da sukari har cokali ya tsaya, kafin la'asar mun cike wannan gurbin tun ba a zo ga alawa ba.

Sai batun polyols ɗin nan, don shi ne dabarar da ake yi a rubuta "babu sukari" a gaba. Mafi yawa maltitol ne, ko sorbitol, wasu sinadarai masu zaƙi da hanji ba ya tsotse su gaba ɗaya. A ledojin da ke shigowa ta Najeriya masu rubutun Ingilishi sunansu na ɗauke da kalmar alkohol, har wani ya taɓa tambayata ko giya ce. Ba giya ba ce, ba sa bugarwa, suna ne kawai na masana. Matsalarsu a ciki take. Abin da hanji bai tsotse ba yakan gangara ƙasa, ya jawo ruwa, ƙwayoyin hanji su yi ta aiki a kansa, sai kumburin ciki da iska, wani lokaci har zawo. Shi ya sa dokar Turai ta ce duk abincin da polyols ɗinsa ya wuce kashi 10 dole a rubuta gargaɗin cewa yawan cinsa na iya sakin ciki. Na nuna masa layin, yana can ƙasa kusa da ranar lalacewa. Ya yi dariya ya ce ashe shi ya sa ranar da ya ci biyu bai ji daɗin dare ba, shi kuwa ruwan leda ya ɗora wa laifi. Masu ciwon sukari su ma su sani: maltitol yana ɗaga sukarin jini, bai kai sukari ba, amma ba fanko ba ne.

Yanzu ga furotin ɗin kansa, kuma nan ne na fi so a tsaya. Giram 20 a leda ba lallai ya zama giram 20 a damtse ba, domin furotin iri-iri ne. Jiki yana gina tsoka da wasu tubala da ake kira amino asid, guda 20 ne, tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Idan ɗaya cikin taran nan ya yi ƙaranci, gini yakan tsaya, kamar magini mai tulin bulo ba siminti. Furotin na madara, musamman wanda ake cirowa daga ruwan da ke tsiyayewa idan za a yi cuku, yana da taran duka kuma da yawa. Na ƙwai da nama da kifi haka. Na waken suya ma ba laifi. Amma akwai wani da ake kira kolajin, wanda ake samu daga fata da ƙashi da jijiyar dabba. Yana da araha, yana sa alawa ta yi taushi, kuma a awo ana ƙirga shi a matsayin furotin, sai dai ɗaya daga cikin taran nan, tiriftofan, babu shi a ciki sam. A taƙaice ganda ce aka mayar gari. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ganda tana da daɗin tauna a miya, amma ba wanda ke ce mata tsoka.

Ta yaya za ka gane? Ka duba jerin kayan haɗi. Doka ta ce a jera su daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. Idan protéines de lait, wato furotin na madara, ne a farko, madalla. Idan ka ga collagène hydrolysé ko gélatine, wato kolajin ko jelatin da ake yi daga gare shi, a na biyu ko na uku, to wani kaso na giram ashirin ɗin nan ganda ce. A ledar ɗan yayata shi ne na uku. Kuma ga Musulmi akwai wata tambayar a nan, domin jelatin da kolajin a Turai ana yin su daga saniya, ana yi daga kifi, ana kuma yi daga alade, kuma ba kullum ake faɗin wanne ba ne. Idan leda ba ta fayyace ba kuma babu tambarin halal, ni dai ajiye ta nake yi.

To furotin nawa mutum ke buƙata ma tukuna? Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2007, ta sa giram 0.83 ga kowane kilo na nauyin babban mutum a yini. Ɗan yayata kilo 70 ne, giram 58 ke nan. Mai ɗaga ƙarfe da gaske yana buƙatar fiye da haka, masana wasanni kan ce daga 1.2 zuwa 2 a kowane kilo, kuma bayan wajen 1.6 ƙarin ba ya ƙara tsoka sosai. A gare shi kamar giram 110 ke nan. Na ce ya faɗa mini abin da ya ci jiya. Da safe kunu da fanke da wake. Da rana shinkafa da miyar gyaɗa da yankan nama biyu. Da dare tuwon dawa miyar kuka da bandar kifi, sannan ya fita ya ci tsire da abokai, ya kora da kindirmo. Ko ba a ɗora a sikeli ba, yaron nan ya wuce 58 tun da rana, kuma ba shi da nisa da abin da yake nema. Alawar ba ta cike wani rami ba, a kan tudu aka ɗora ta.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, musamman ga masu son rage ƙiba. Sukan ci abincinsu yadda suka saba, sannan su ƙara alawar a kai da tunanin magani ce. Kalori 200 ba ya ɓacewa don an rubuta furotin a jikinsa. Mutum mai kilo 70 sai ya yi tafiyar ƙafa ta kusan minti 45 da ɗan sauri kafin ya ƙone shi. Gaskiya ne furotin yana riƙe ciki fiye da sukari, amma amfanin hakan sai idan alawar ta maye gurbin wani abu, misali fanken da lemon kwalban da aka saba sha da yamma.

Mu dawo kasuwarmu. Ƙwai babba ɗaya yana da furotin giram 6 da ɗoriya, kalori kusan 72. Uku sun ba ka giram 18 zuwa 19 a kalori 215, kusan daidai da alawar, da furotin mai inganci ƙwarai. A unguwarmu dafaffen ƙwai uku ba su kai sefa 500 ba. Da jaka biyun nan ya sayi sama da dozin. Busasshen wake yana da giram 23 zuwa 24 a kowane giram 100, kuma idan ya haɗu da hatsi sai su rufa wa juna asiri: dawa da gero da masara suna da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin tubalan nan tara, wake yana da shi da yawa, abin da wake ya rasa kuma hatsi na da shi. Iyayenmu da suka haɗa shinkafa da wake, ko kunu da ƙosai, ba su san sunan laisin ba, amma sun dace.

Gyaɗa ce ke ba mutane mamaki. Kowa ya san tana gina jiki, giram 100 na da furotin wajen 26. Amma man da ke ciki giram 49 ne, jimillar kalori 567. Yi lissafin nan namu: 26 sau huɗu, 104, a raba da 567, kashi 18 ne. Don ka samu giram 20 na furotin daga soyayyar gyaɗa sai ka ci kusan giram 80, kalori 440, ninki biyu na alawar. A nan dole a ba alawa haƙƙinta, ta fi gyaɗa ga mai ƙirga kalori. Haka kantun riɗi da dakuwa, abinci ne masu ƙarfi ƙwarai, amma ƙarfinsu na mai ne da sukari. Dabino kuwa kusan sukari ne zalla, furotin ɗinsa giram 2 ne a 100, wurinsa buɗa-baki.

Ƙuli-ƙuli daban ne, domin matan da ke yin sa sun riga sun yi aikin da masana'anta ke yi. An soya gyaɗa, an niƙa, an murza da ruwan zafi har mai ya fito an kwashe, abin da ya rage, tunkuza, furotin ɗinsa ya taru. Ana sake soya shi a mai, don haka wani man yana komawa, amma duk da haka ya fi gyaɗa furotin a kowace loma. Kilishi ya fi shi. Ɗanyen jan nama yana da furotin wajen giram 20 a 100, yawancin sauran ruwa ne. Idan aka fere shi fale-fale aka shanya, ruwan ya tafi, aka tsoma a labu, wanda shi ma tunkuza ce da yaji, aka sake shanyawa aka gasa, abin da ya rage kusan rabinsa ko fiye furotin ne. Ba ya narkewa a jaka, ba ya buƙatar firiji. Duk matafiyin da ya taɓa tsayawa a Ngaundere ya san wannan. Bandar kifin tafkin Lagdo da ta kogin Logon haka take. A Chadi ma akwai dihe, koren abin nan da matan Kanem ke kwasowa daga tafkuna su shanya a yashi, wanda Turawa ke sayarwa da tsada da sunan spirulina. Fiye da rabin busasshensa furotin ne, sai dai kaɗan ake sawa a miya.

Ba na cewa namu ba shi da aibi. Babu wanda ya rubuta maka giram nawa ke cikin kilishin da aka naɗe maka a takardar siminti. Gishiri da dunƙule sukan yi masa yawa, mai hawan jini ya kula. Ƙura da ƙuda na sauka a kansa in ba a rufe ba. Ƙuli-ƙuli kuma idan da gyaɗar da ta yi fumfuna aka yi shi, yana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Wannan babbar magana ce a ƙasar gyaɗa irin tamu, shi ya sa na fi son saye wurin matar da na san tana tsince gyaɗarta.

Wani abu kuma da ake rikitawa da alawar furotin shi ne Plumpy'Nut, maɗin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa a asibitoci, wanda duk mai zuwa Marwa ko Kusiri ko Njamena ya san ledarsa. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996. Leda ɗaya giram 92 ce, kalori 500, gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da bitamin. An tsara shi ne don yaro ya yi nauyi da sauri, kusan rabin ƙarfinsa ko fiye daga mai yake, furotin kashi 10 zuwa 12 kawai. Saurayin da ke saye a ɓoye yana sha don damtse ya fito, tumbi yake ginawa, kuma rabon yaro marar lafiya ya ci. Mai ciwon ƙoda kuma, ko alawa ko garin furotin, kada ya fara sai ya ji ta bakin likitansa.

Ɗan yayata ya saurare ni har ƙarshe, ya lashe cakulan da ya manne a ledar, don ai an riga an biya. Ya ce, "To Kawu, in daina ke nan?" Na ce ni ban ce ba. Na ce in zai saya ya duba abu uku: furotin ya kai giram 15 a kalori 200, sukari bai wuce giram 6 ko 7 ba, kuma madara ko waken suya ne a farkon jeri.

Bayan mako biyu ya zo yi mini sallama, zai tafi Yawunde, mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa na dare. Na leƙa jakarsa. Akwai alawar guda ɗaya a aljihun gefe, ya ce ta cikin jirgi ce. A ƙasa kuma ga ƙullin ƙuli-ƙuli da uwarsa ta sa masa, da dafaffen ƙwai huɗu a leda, da ɗan gishiri da yaji a ƙulle a takarda. Kilishi ya ce sai ya isa Ngaundere.